Darasi na Tara: Ɗaura Rediyon Oba-oba na CB da Eriyarsa a Motar A-kori-kura

Rediyon CB wani nau'in oba-oba ne da ake ɗaurawa a mota domin direbobi su yi magana da juna kai tsaye, ba tare da layin waya ko kati ko turken kamfanin sadarwa ba. Asalinsa daga Amurka ne, inda hukumar sadarwar ƙasar, FCC, ta ware wa talakawa zangon da ke kusa da megahaz 27 a shekarar 1958. Da farko tashoshi 23 ne, sannan aka mayar da su 40 a 1977. Ya yi farin jini sosai bayan ƙarancin man fetur na 1973, lokacin da direbobin manyan motoci suka riƙa sanar da juna gidan man da ke da mai da kuma halin da hanya take ciki. Har yau a can tasha ta 19 ce matattarar direbobi, tasha ta 9 kuwa an keɓe ta domin neman agajin gaggawa.

Tun 1983 Ba'amurke ba ya buƙatar lasisi na kansa kafin ya yi amfani da shi, amma wannan dokar Amurka ce, kowace ƙasa kuma da tata. Wanda yake Najeriya sai ya fara neman bayani daga hukumar sadarwa ta NCC, wanda yake Nijar kuma ya tuntuɓi ARCEP, tun kafin ya kashe kuɗinsa. Mota mai doguwar eriya tana jan idon jami'an tsaro a shingen bincike, saboda haka ya kamata takardun na'urar su kasance a cikin motar kullum.

Abin da ya kamata a fara sani

A dokar Amurka ƙarfin da rediyon CB yake fitarwa a tsarin AM bai wuce wat 4 ba, ko ƙarami ne mai girman tafin hannu, ko babba mai maɓallai barkatai. Kamfanoni irin su Cobra da Uniden da Midland duk a kan wannan iyaka suke ƙera nasu. Ma'anar wannan ita ce, nisan da muryarka za ta kai ya dogara ne a kan eriya da yadda aka ɗaura ta, fiye da tsadar akwatin da ke cikin mota. Mutane da yawa suna zuba kuɗi a kan rediyo, su sayi eriya mai araha su ɗaura ta da gaggawa, daga baya su ce an sayar musu da jabu. A ganina, idan kuɗinka kaɗan ne, ka sayi ƙaramin rediyo mai sauƙin farashi, ka ware abin da ya rage domin eriya mai kyau da waya mai inganci.

Za ka buƙaci rediyon da marikinsa na ƙarfe da makirfonsa, da eriya da mazauninta, da wayar eriya mai om 50, wadda aka fi samu da lambar RG-58, da mitar auna SWR (awon da ke nuna ko eriya ta daidaita da rediyo) tare da guntuwar wayarta. A ɓangaren kayan aiki kuwa akwai sifana da sukundireba da injin huji da samfefa da mitar masu gyaran lantarki.

Wurin zaman rediyo da wutarsa

Ka zauna a kujerar direba ka miƙa hannu, duk inda hannunka ya kai ba tare da ka sunkuya ba, nan ne wurin da ya dace. Yawanci ƙarƙashin dashbod ne ko gefen akwatin da ke tsakanin kujeru. Kada ka ɗora shi a saman dashbod inda rana za ta gasa shi, kada kuma ka sa shi a gaban jakar iskar da ke fashewa lokacin haɗari, ko inda wayar makirfo za ta harɗe sandar giya. Kafin ka huda ko'ina, ka leƙa bayan wurin da fitila, domin sau da yawa akwai wayoyin mota a ɓoye.

Rediyon yana aiki da wutar volt 12 irin ta ƙananan motoci, kuma abin da yake sha kaɗan ne, wajen amp 2 idan ana magana. Idan motarka mai volt 24 ce, dole sai da na'urar rage wuta, in ba haka ba zai ƙone nan take. Ka fara cire kan batir mai alamar ragi kafin ka taɓa kowace waya. Jar waya tana tafiya zuwa kan batir mai alamar tarawa, baƙa kuma a ɗaure ta a jikin ƙarfen mota inda aka kankare fenti. Ka sa fis a kan jar wayar kusa da batir, mai lambar da takardar rediyon ta faɗa, kuma ka bi da ita ta ramin da ke da roba a bangon da ya raba inji da ɗakin direba, don kada kaifin ƙarfe ya yanke ta. Ana iya jona rediyon a ramin cajin waya, sai dai ɗaukar wuta kai tsaye daga batir ya fi rage ƙara. Illarsa ɗaya ce: idan ka kashe mota ka manta rediyon a kunne, zai ci gaba da shan batir.

Eriya da mazauninta

Nan ne ainihin aikin yake, don haka sai a karanta a hankali. Tsawon igiyar sautin CB wajen mita 11 ne, cikakkiyar eriya kuma tana ɗaukar rubu'in wannan tsawo, wato kusan mita 2 da santimita 70. Shi ya sa ake ganin doguwar bulalar ƙarfe mai inci 102 a bayan wasu motoci. Da yake ba kowa ne zai iya yawo da irin wannan a cikin gari ba, sai aka ƙera gajeru masu ƙafa 3 ko 4, waɗanda aka naɗe waya a jikinsu domin ta cike tsawon da aka rage. Gajeriya tana aiki, amma doguwa ta fi ta kai wa nesa.

Abin da yawancin masu koyo ba su sani ba shi ne, sandar da ake gani rabin eriyar ce kawai. Ɗaya rabin jikin ƙarfen motar ne. Idan mazaunin eriya bai haɗu da ƙarfen mota sosai ba, tamkar an ɗaura rabin eriya ne, kuma babu wani gyaran da zai yi magani sai an koma wannan wuri.

Tsakiyar rufin mota ne wuri mafi kyau, domin ƙarfe ya kewaye eriyar ta kowane ɓangare, sautin kuma yana bazuwa daidai gabas da yamma, kudu da arewa. Wanda ba ya son huda rufinsa zai iya amfani da eriya mai gindin maganaɗisu. Tana kama motar da jikinta ƙarfe ne kamar Toyota Hilux, amma ba ta kama alminiyam, kuma da alminiyam ake yin jikin Ford F-150 tun daga ƙirar 2015. Wuri na biyu shi ne gefen bonet, da mariƙin da ake ɗaurawa a kan notin da ke wurin tun asali. Na uku shi ne gefen bodin da ake zuba kaya. Mutane suna son manna eriya a bayan ɗakin direba saboda ta fi kyan gani a wurin, amma bangon ɗakin yana tare sautin ya mayar da shi baya. Idan a bodi za ka ɗaura, ka nisanta ta da ɗakin gwargwadon iko, ka kuma tabbata mafi yawan tsawonta ya zarce rufin. Bodin a-kori-kura ba a haɗe yake da ɗakin direba ba, a kan shasi yake zaune da notuna waɗanda tsatsa da fenti kan shiga tsakaninsu, saboda haka yana da kyau a haɗa shi da shasi da guntuwar waya mai faɗi. Ka kuma auna tsayin motar da eriyarta, ka tuna da ƙofar gareji da rassan itatuwa da wayoyin lantarki da suka yi ƙasa.

A wurin da mariƙin zai zauna, ka goge fenti da samfefa har farin ƙarfe ya fito, ka ɗaure da ƙarfi, sannan ka shafa ɗan giris don hana tsatsa. A cikin kayan mazaunin akwai wani farin zoben roba mai ɗan leɓe. Wurinsa saman mariƙin ne, leɓensa yana shiga cikin ramin, aikinsa kuma shi ne hana sandar eriya taɓa jikin mota. Wannan ƙaramin abu ne ya fi lalata wa masu koyo aiki, domin idan aka manta da shi ko aka juya shi, ƙarfin rediyon zai zube a jikin mota. Kafin ka ɗaura sandar, ka gwada da mitar masu gyaran lantarki. Tsinken da ke tsakiyar kan wayar eriya ya kamata ya haɗu da notin da eriya ke hawa. Bawon kan wayar ya kamata ya haɗu da jikin mota. Tsakanin tsinken da bawon kuwa kada a sami haɗuwa ko kaɗan.

Wayar eriya ba ta son matsi. Kada ƙofa ta danne ta, kada a lanƙwasa ta da kaifi, kuma a nisanta ta da salansa. Yawanci tana zuwa da tsawon ƙafa 18, idan ta yi saura kada ka naɗe ta ƙaramin gammo, ka shimfiɗa ta da faɗi a ƙarƙashin kujera kamar lamba 8.

Auna SWR kafin a yi magana

Kada ka taɓa danna makirfo alhali eriya ba ta haɗe, domin ƙarfin da ya rasa mafita yana komawa ya ƙona sassan da ke fitar da sauti. SWR awo ne da ke nuna yawan ƙarfin da eriya ta mayar wa rediyo maimakon ta sake shi a iska. Idan mita ta nuna 1.5 ko ƙasa da haka, aiki ya yi kyau. Har zuwa 2 ana iya amfani. Idan ta kai 3 ko ta wuce, ka saki makirfo, akwai matsala a mazauni ko a waya.

Ka kai motar fili, nesa da gine-gine da itatuwa da wasu motoci, ka rufe ƙofofi da bonet, kada kowa ya tsaya kusa da eriyar. Ka haɗa mitar tsakanin rediyo da wayar eriya. Ka sa tasha ta 1, ka tura maɓallin mita zuwa FWD, ka danna makirfo, ka murɗa har allura ta tsaya a alamar SET, sannan ka tura zuwa REF ka karanta lambar, ka rubuta ta a takarda. Ka maimaita haka a tasha ta 40. Idan lambar tasha ta 40 ta fi girma, eriyar ta yi tsawo, sai a rage ta. Idan ta tasha ta 1 ce ta fi, ta yi gajarta, sai a ƙara. Ana yin gyaran ne da ɗan sukurun da ke kan eriyar ko a gindin bulalar, rabin santimita a kowane karo, a sake aunawa, har lambobin biyu su kusanci juna. Idan eriyar mai hular roba ce, ka mayar da hular kafin kowane awo, domin tana canja sakamakon. Wanda ya ga dole sai ya yanke bulala, to ya yanka kaɗan-kaɗan, tunda abin da aka yanke ba ya komawa.

Bayan an gama, ka cire mitar, ka mayar da wayar eriya bayan rediyo, ka murɗa maɓallin SQUELCH a hankali har shuuwar ta ɗauke, ka tsaya daidai nan, domin idan ka zarce ba za ka ji masu magana daga nesa ba. Ka tayar da inji ka saurara. Idan ka ji wani kuka da ke ƙaruwa duk lokacin da ka taka totur, daga altaneto yake, sai ka duba ɗaurin baƙar waya, ko mai wayarin ya sa maka matatar ƙara a kan jar wayar. Daga nan ka sa abokinka mai irin wannan rediyo ya yi gaba da motarsa, kuna magana yana faɗa maka nisan da ya kai, har inda murya za ta fara yankewa.

Aikin aji

Wani direba ya auna eriyarsa, ya sami 1.3 a tasha ta 1, ya kuma sami 2.4 a tasha ta 40. Rubuta a littafinka ko eriyar ta yi tsawo ne ko gajarta, da abin da zai yi mata. Wani kuma ya sami sama da 3 a duka tashoshin biyu. Rubuta wurare biyu da zai fara dubawa kafin ya taɓa tsawon eriyar.