Sababbin zuwa Garwa, ku kula da abin da kuke ci

Ƙannena da kuka sauka Garwa ta Kamaru kwanan nan, maganar haya da katin zama mun sha yi, yau ta ciki zan yi. Gwauro a baƙon gari ba ya ɗora tukunya, da safe makala, wato fanke, da wake, da rana soyayyen kifi, dare ya yi a tafi wajen mai soya, tsire kenan, ga sigari a kai. Ni ma haka na fara. Amma dan Allah in ka tsaya wajen mai tuya ka leƙa kaskon, in man ya yi baƙi ƙirin yana kumfa yana hayaƙi, to ya kwana biyu ana juya shi, ka wuce gaba.

Abin tsoro a irin wannan ci shi ne kolestarol, wani nau'in kitse da ke yawo a jini. Shi kansa ba dodo ba ne, hantarka ma tana yin sa. Matsalar ita ce nau'in da likitoci ke ce wa LDL, in ya yi yawa a jini sai ya riƙa kutsawa cikin bangon jijiya ya maƙale, a can oksijin ya taɓa shi ya lalace kamar yadda ƙarfe ke tsatsa, sai fararen ƙwayoyin jini su ɗauke shi abokin gaba su yi ta haɗiya har su kumbura su mutu a wurin, kitse ya taru, hanyar jini ta tsuke. Shekaru ake yi ba ciwo ba komai. Ranar da tarin nan ya fashe jini ya daskare a kai, shine za ka ji wane ya faɗi, bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Tun 1913 wani likitan Rasha, Anichkov, ya ɗura wa zomaye kolestarol ya ga jijiyoyinsu sun tara kitse.

Sigari da hawan jini da ciwon suga su ke raunata bangon jijiyar, aikin ya yi sauri. Kar wani ya sayar maka da bitamin E wai yana wanke jijiya, an gwada a kan dubban mutane bai hana ciwon zuciya ba.

Kifin Binuwai ka ce a gasa maka, miyar yakuwa da wake ga su a araha, man shanu kuma cokali ɗaya ya isa. In ka haura arba'in ka je asibiti da safe kafin ka karya, nan da Faransanci ake rubutu, ka ce bilan lipidique kake so, wato gwajin kitsen jini, su auna maka tansiyo, wato hawan jini, ma gaba ɗaya.