Yadda ake shirya zanga-zangar da za ta yi tasiri, darasi daga matasan da suka yaƙi wariyar launin fata

Duk wanda yake Kano ranar 1 ga Agusta 2024 ya ga yadda zanga-zangar tsadar rayuwa ta rikiɗe, 'yan daba suka shigo aka fasa wurare aka kwashi kaya, a ranar aka sa dokar hana fita. Ni dai a ganina rashin shiri ne ya jawo. Samari da 'yan matan da suka karya wariyar launin fata a Amurka ba haka kawai suka kwararo titi ba, tsari suka bi.

Da farko ku tsayar da buƙata ɗaya tak, wadda kowa zai gane an biya ko ba a biya ba. Ranar 1 ga Fabrairu 1960 ɗalibai huɗu baƙar fata a Greensboro suka shiga kantin Woolworth suka zauna a kujerun cin abinci da aka ware wa farare, aka ƙi sallamar su, su kuma suka ƙi tashi har aka rufe kanti, washegari suka dawo da ƙarin mutane. Abin da suke nema kenan, a sayar musu da abinci a wurin. Zuwa ƙarshen Yuli kantin ya sauko. To idan ruwan famfo ne damuwarku a Kurna ko Ɗorayi ku tsaya a kan ruwan, kar a cakuɗa shi da fetur da wutar NEPA.

Sai horo, kuma wallahi nan muke faɗuwa. A Nashville wani mai suna James Lawson ya yi watanni yana tara ɗalibai irin su Diane Nash da John Lewis suna gwaji kamar masu wasan kwaikwayo, wasu su fito a matsayin farare su zage ka tas, su hura maka hayaƙin sigari a fuska, su fizgo ka daga kujera, kai kuma ko yatsa ba za ka ɗaga ba. Har takardar ƙa'ida suka raba: kar ka rama duka ko zagi, kar ka tare ƙofar kanti, zauna a miƙe. Ku ma ku yi irin wannan gwajin tun kafin ranar. A majalisarku ai kun san mai saurin hannu, ku ba shi aikin rabon ruwa ko kai saƙo, kar ya je gaba. Wanda ya zo da gora ko wuƙa ya koma gida ko ɗan uban waye.

Ku nemo inda abin zai taɓa aljihu. A Montgomery baƙar fata sun yi kwana 381 ba su hau bas ba tun daga Disamba 1955 saboda wariyar da ake nuna musu a ciki, amma fa sai da suka haɗa motocin kansu suna kai mutane aiki. Kar ka ce mutane su ƙaurace wa abu ba ka tanadar musu madadinsa ba.

Hoto ma makami ne. A Mayu 1963 'yan sandan Birmingham suka saki karnuka da ruwan motar kashe gobara a kan 'yan makaranta, duniya ta gani, a 1964 aka sa hannu a dokar hana wariya. Haka hoton gawar Hector Pieterson mai shekara 12 a Soweto ta Afirka ta Kudu, 16 ga Yuni 1976, ranar da ɗalibai suka fito don ƙin karatu da yaren Afirkans na farare masu mulki, ya tona asirin gwamnatin farare. Sai dai ni ban yarda a fito da ƙananan yara ba, balle almajirai da ba su san me ake ba, ɗaruruwa aka kashe a rikicin Soweto. Ku ware masu ɗaukar bidiyo su tsaya gefe, abin da ya faru kawai za a ɗora a Facebook, banda ƙari.

Lauya kuma tun kafin a fita ake nemo shi. Wariyar bas ɗin Montgomery a kotu aka kashe ta, cikin masu ƙarar har da Claudette Colvin wadda aka kama tana shekara 15 don ta ƙi tashi wa farar mata daga kujera. Ku sanar da 'yan sanda a rubuce ku riƙe kwafi, ku haɗa kuɗin beli, wani ya zauna a gida da sunayen duk waɗanda suka fita, sannan kowa ya rubuta lambar lauya da biro a damtsensa saboda idan aka kama mutum waya ake fara karɓewa.