Yadda Ake Kafa Sabuwar Dayosis a Cocin Katolika

Paparoma kaɗai ke da ikon kafa dayosis, wato yankin Coci da bishop ke shugabanta, haka sashe na 373 na kundin dokokin Coci na 1983 ya tanada. Sai dai maganar ba daga Roma take tasowa ba, daga ƙasa take hawa.

Bishop ne ke fara ɗaga ta. Doka ta ɗora masa zagaya yankinsa kaf aƙalla sau ɗaya cikin shekara 5. Idan nisa ko yawan mabiya ya sa hakan na neman gagara, sai ya tuntuɓi firistocinsa, a kafa kwamiti ya haɗa takardun buƙata: taswira, yawan mazauna da na 'yan Katolika, majami'u, firistoci, ɗaliban da ke koyon aikin firist, makarantu, asibitoci, da kuɗin shiga. A ciki ake nuna garin da bishop zai zauna da cocin da za ta zama katidiral, wato babbar cocin bishop, domin galibi sunan garin ne dayosis ke ɗauka.

Shata iyaka ita ce ke cin lokaci. Takardar Coci mai suna Christus Dominus ta 1965 ta ce yankin ya kasance a haɗe, a kula da iyakokin mulki, a kuma dubi harshe da yanayin zaman jama'a. Shi ya sa ake bin layin jiha ko gunduma, ko kogi idan babu gada. Taswira kan yaudari mutum: ƙauye na iya zama kusa da sabuwar hedikwata a takarda, alhali hanyar motarsa tana ɓullewa ne ta tsohuwar. Wani kuskuren shi ne a yanke wa sabuwar dayosis karkara zalla, a bar wa tsohuwar dayosis majami'un birni masu tara baiko. Irin wannan rabo kan haifi dayosis mai bara tun ranar suna.

Daga nan sai bishop-bishop na lardin, wato rukunin dayosis-dayosis maƙwabta, da majalisarsu ta ƙasa su faɗi ra'ayinsu. Jakadan Paparoma ya yi nasa binciken, ya aika Roma. Can ma'aikatar bishop-bishop ce ke dubawa, amma ƙasashen mishan, wato inda Coci ba ta gama kafuwa ba, suna ƙarƙashin ma'aikatar yaɗa bishara. Inda Katolika ba su yi ƙarfi ba, akan fara da ƙaramin matsayi, a ɗaga shi zuwa dayosis daga baya.

Idan Paparoma ya amince, sai a fitar da takarda da harshen Latin mai ɗauke da suna, iyaka, katidiral da lardin da za ta bi. Sau da yawa rana ɗaya ake sanar da bishop na farko. Haka aka yi a 2019, lokacin da aka cire dayosis 3 daga ta birnin Meziko.

Sauran rabon kaya. Sashe na 122 ya ce a raba dukiya da bashi bisa adalci, a mutunta nufin waɗanda suka ba da kyauta. Firist kuwa yawanci yana zama na dayosis ɗin da wurin aikinsa ya faɗa a ranar kafawa, don haka ake sa ido kan canjin wurin aiki gab da sanarwa. Sabon bishop yana da wata 4 ya kama aiki idan ba a riga an keɓe shi a matsayin bishop ba, wata 2 idan an keɓe shi, sannan ya kafa majalisar kuɗi mai mutum 3 aƙalla da majalisar mashawarta ta firistoci 6 zuwa 12.