Yadda ake tsara agogon rana a jikin taga mai gilashin kala

Wannan aiki ne da Turawan Jamus da Suwizalan suka soma tun ƙarni na 16, sai kuma ya yi tashe a Ingila a ƙarni na 17, inda irin su Henry Gyles na garin York suka shahara da shi. Abin da ke burge ni kuwa shi ne kana zaune cikin ɗaki za ka karanta lokaci, domin tsinken ƙarfen yana waje, inuwarsa ce ke faɗowa kan gilashin kai kuma kana ganinta daga ciki.

Fara da tagar, kada ka yi gaggawar sayen gilashi. Mafi sauƙi ita ce wadda ta fuskanci kudu sak, in ta ɗan karkata gabas ko yamma to dole ka auna karkatar, in ba haka ba duk layukan awoyin da za ka zana sun tashi a banza. Sai tsinken. Shi dole ya yi daidai da layin da duniya ke juyawa a kai, wato kusurwarsa da bango ita ce 90 a cire latitud ɗin garinku, ma'ana nisansa a digiri daga layin da ya raba duniya arewa da kudu. A York latitud wajen 54 ne, ka ga digiri 36 kenan, a Kano kuwa da take kan 12 sai ya zama 78, tsinken ya kusa miƙewa sosai daga bango.

Layin zawali tsaye yake daga gindin tsinke zuwa ƙasa. Sauran layukan kuma ba rabon daidai ake yi musu ba, a York ƙarfe 1 na rana yana digiri 9 daga layin tsakiya, ƙarfe 3 wajen 30, amma a Kano kusan 15 da 44 ne. To a nan mutane ke faɗawa rami: tunda daga ciki ake karantawa, lambobin za su juya kamar a madubi, su bi hannun agogo. Ni shawarata ka gwada da farar takarda manne a tagar na kwana biyu uku tukuna.

Wajen gilashi, inda inuwar za ta sauka a sa fari ko ruwan ɗorawa mai dishi-dishi, don garau ɗin ba ya kama inuwa, ja da shuɗi masu duhu a bar su ga ado a gefe. Mutanen zamanin da huda gilashin suke yi su ɗaura tsinken, shi ya sa da yawa suka tsage, gara ka kafa shi a jikin firam.

In a Kano za ka yi, ka sani daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana na bi ta arewa, tagar kudu ba za ta samu komai ba. Kuma zawalin can yakan zo wajen 12:26 na agogon hannu, yana gaba yana baya da kusan kwata gwargwadon watan da ake ciki.