Yadda za ka fitar da ɗalibanka daga aji su koyi kiyaye muhalli a gonakin mutane

Duk malamin da ke koyar da darasin muhalli a jami'a ya san wannan matsalar, ɗalibi zai haddace maka ma'anar kwararowar hamada tsaf, ya jero maka jihohi 11 da ke cikin shirin dashen itatuwa don tare hamada na Great Green Wall tun daga Kebbi har Borno, ya ci A abinsa, amma ka kai shi gona ka nuna masa kalgo da sabara bai san wanne ne wanne ba. Abin da aka saba yi wai don gyara wannan shi ne ranar dashen itace, a kira manya a sa hula a ɗau hoto, bayan wata biyu awaki sun gama da dashen. Ni dai shawarata ga 'yan'uwa malamai a bar wannan, a ɗauki ƙauye ɗaya a zauna masa, kuma aikin da ya fi dacewa a fara da shi shi ne wanda mutanen Nijar ke kira sassaben zamani, tunda ba ya buƙatar sayen irin itace ko ban ruwa.

Ga wanda bai sani ba, a yankin Maraɗi abin ya kankama wajen 1983, wani ɗan Ostireliya Tony Rinaudo ya lura cewa 'yan tsiron da manoma ke sassabewa duk shekara ba ciyawa ba ce, kututturan itatuwa ne masu rai da saiwarsu a ƙasa. Maimakon a sare duka sai a bar 'yan kaɗan a rene su. Yanzu ana ƙiyasin hekta kusan miliyan 5 sun farfaɗo ta haka a Nijar, galibi a Maraɗi da Damagaram. Toh mu da Katsina da Jigawa ke maƙwabtaka da su, ƙasa iri ɗaya, harshe ɗaya, me muke jira?

Matakin farko, ka samo wa aikin gurbi a cikin kwas mai maki. In ka ce na sa-kai ne sati biyu za su watse. Sabon tsarin manhajar da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta fitar a 2022, wato CCMAS, ya bar wa kowace jami'a kashi 30 ta tsara da kanta, nan ne ƙofarka, ka zauna da shugaban sashe ku yi magana. Sannan ka duba kalanda da kyau domin gona ba ta san semesta ba, sassabe ana yinsa ne kafin saukar damina wajen Afrilu zuwa Mayu, in kwas ɗinka ya faɗo a Nuwamba sai dai ku yi ƙidaya da hira da mutane, wanda shi ma aiki ne.

Na biyu zaɓen gari. Kar ka yi nisa, inda mota za ta kai ku cikin ƙasa da awa ɗaya ku dawo kafin magariba, kuma ka tambayi halin tsaron hanyar daga mutanen wajen, duk mun san yanayin da ake ciki. Kafin ɗalibi ko ɗaya ya taka garin kai ka fara zuwa, ka gaida dagaci, shi zai haɗa ka da mai unguwa da sarkin noma, kar ka manta da liman, in akwai ruga kusa ka je wajen arɗo don dabbobinsu ne za su bi ta gonakin nan bayan girbi. Ka faɗa musu gaskiya tun farko, ranka ya daɗe ba mu zo da taki ba, ba mu zo da tallafi ba, yara muka kawo su koya a wajenku. Wannan maganar tana da muhimmanci sosai saboda mutanen karkara sun gaji da masu zuwa da takarda su rubuta sunaye su tafi, da sun ga biro sai su ɗauka rabo za a yi, in ba a yi ba kuma kai ne maƙaryaci.

Na uku ka shirya ɗaliban kansu. A yi shigar mutunci, a durƙusa a gaida dattawa, Baba ina wuni ina gajiya, ban da turanci a gaban manomi, wanda ba ya jin Hausa a haɗa shi da mai ji. Ka raba su rukuni-rukuni na mutum biyar ko shida, kowane rukuni da manominsa ɗaya da gonarsa ɗaya har ƙarshen kwas. Ɗalibai mata kuwa su ne babban jarinka, domin su kaɗai za su shiga cikin gida inda aka rubuta ba a shiga, su zauna da matan gida su ji nawa ake kashewa a itacen girki a sati, daga ina ake samo shi, wane ice ne ya ɓace wanda da ana samu. Rabin labarin itatuwan gari a bakin murhu yake, namiji ba zai taɓa jinsa a dandali ba.

Ziyarar farko ba a taɓa komai, kallo ne da tambaya. Manomin ya zaga da su ya faɗi sunan kowane tsiro da amfaninsa, su rubuta da Hausa tukuna, sunan kimiyya ya biyo baya in sun koma makaranta. Nan za su ji abin da littafi ya taƙaita, misali gawo da ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, shi ya sa gero ke yin kyau a gindinsa ba ya shan inuwa, ga 'ya'yansa abincin dabbobi. Daga nan sai awo, a ja igiya mita 20 ta kowane gefe, a ƙirga duk kututture mai rai da ke ciki, a ninka sau 25 an samu ƙiyasin hekta ɗaya kenan. A ɗau hoto da waya a kunna mata GPS mai nuna wuri, kuma a tsaya a daidai gurbi ɗaya duk zuwa, in ba haka ba hotunan ba za su gwadu da juna ba.

Sai aikin kansa a ziyara ta biyu. Manomi ne zai nuna kututturen da yake so a bari, ba ɗalibi ba, gonarsa ce kuma shi ya san inda garmarsa ke bi. A kowane kututture a zaɓi rassa biyu zuwa biyar mafiya ƙarfi da miƙewa, a sare sauran, waɗanda aka bari a rage musu ƙananan rassa daga ƙasa zuwa kamar rabin tsayinsu. Adda ko lauje ya zama mai kaifi kuma a riƙa sara daga ƙasa zuwa sama don kar ɓawon ya yage. A ɗaura tsumma mai launi a jiki alamar wannan da mai shi. Abin da aka sare a bar wa mai gona, itacen girki ne. Wani abu da sai ka kula, in gonar ta aro ce ko jingina ka nemi yardar ainihin mai ita, domin a wajenmu barin itace a gona kamar kafa hujjar mallaka ne, rigima na iya tashi daga nan.

Maki kuma kar ka ɗora shi kan yawan shafukan rahoto. Ka ba littafin fili kaso mafi tsoka, wanda aka rubuta da hannu a gona da kwanan wata, sai zuwa a kan lokaci, sai abin da manomin ya ce game da su in ka tambaye shi a keɓe. In akuya ta cinye tsiron ko wani ya sare da dare kar ka rage musu, ka sa su binciko dalili su kawo shawarar da aka tattauna da mutanen garin, sau da yawa wannan rukunin ya fi kowa koyo.

A ƙarshen semesta a koma garin a zauna ƙofar gidan dagaci, ɗalibai su yi bayanin abin da suka samu da Hausa, a bar masa kwafi shi ma da Hausa. Sannan ka tattara littattafan filin ka ajiye a sashe, 'yan aji mai zuwa su karɓi gonakin nan dai su ci gaba da awo, don itace ba ya nuna kansa a wata huɗu, sai an shekara biyu uku. Kuma ka samu mutum ɗaya a garin da kuke waya da shi ko da makaranta na rufe, yajin aikin malaman jami'a na 2022 wata takwas ya ɗauka, damina guda ta wuce ɗalibai na gida.