In zaka shiga daji kai kaɗai duba lafiyar bishiyoyi

Akwai masu aikin sa kai na zagayen gandun daji da shelta-bel (jerin bishiyoyin da aka dasa don tare iska), musamman a jihohi 11 da shirin Great Green Wall na dasa bishiyoyi don tare hamada ya ratsa tun daga Kebbi har Borno, a baka fom ko a sa maka manhaja a waya ace je ka ƙirgo dalbejiya nawa ta bushe, kaɗanya nawa kauci ya cinye, ina gara ta shiga. Aikin bashi da wuya amma sau tari kai kaɗai zaka tafi tunda ba biya ake ba balle a haɗa ka da wani, toh ga abubuwan da nake ganin ya kamata ka riƙe.

Kafin komai ka tantance dajin da kansa. Akwai wuraren da ba'a zancen shiga ko da rakiya balle kai ɗaya, dajin Rugu, Kamuku ta wajen Birnin Gwari, Sambisa, waɗannan ba aikin ɗan sa kai bane ko nawa ake son bayanin. Ko dajin da ake ganin lafiya lau ne ka tambaya a satin da zaka je, labarin watan jiya baya aiki. Masu itace da ƴan acaɓa da mafarauta sun fi kowa sanin wa ya kwana a ciki.

Sai kuma gaisuwa, wanda nan ne ƴan boko suke yawan yin sakaci. Baƙo ya sauka daga mashin da jaka a baya, ya nufi daji yana ɗaukar hoto yana rubutu a littafi, a wannan zamanin me kake so mutanen ƙauye su ɗauka? Infoma. Kuma an san yadda irin wannan zargin yake ƙarewa in taro ya haɗu. Saboda haka ka fara zuwa wajen mai unguwa ko dagaci, ka cire takalmi ka gaida shi yadda ya dace, ka nuna takardar ƙungiyar da ta turo ka da katin shaida, ka faɗi ɓangaren da zaka bi da lokacin fitowa. Ka nemi malamin daji na yankin ka karɓi lambarsa, haka shugaban ƴan banga, in akwai ruga kusa a sanar da arɗo. Wani lokacin ma mai unguwa zai ce wani yaro ya raka ka, kar kace a'a, ka sallame shi da ɗan abun goro in kun fito.

A gida kuma kar ka tsaya a "na tafi daji sai na dawo". Ka zaɓi mutum ɗaya mai hankali ka rubuta masa sunan ƙauyen da zaka ajiye mashin, hanyar da zaka bi, lambar mai unguwa, sannan kuyi magana ƙarara, in la'asar tayi ban kira ba ka kira ni, in baka same ni ba zuwa ƙarfe 5 ka kira mai unguwa a fito nema. Amfanin sa lokaci shine kar a zauna ana ƙila cajinsa ne ya ƙare har duhu yayi. Laib lokeshan na WhatsApp yana kaiwa awa 8 amma sai da netwok, don haka kar ka jingina dashi, ka sauke taswirar wajen tun a gari, ka tafi da fawa bank da ƙaramar waya rakani-kashi mai layin wani kamfanin daban. Lambar gaggawa a Najeriya 112 ce, ka sa ta, amma gaskiya ƴan ƙauyen zasu riga kowa isowa.

Shi aikin duba bishiya idonka a sama yake wuni, kana kallon ganye da rassa kana ja da baya don hoto ya fito, maciji kuma a ƙasa yake. Ka saba ma kanka, in zaka kalli sama ka tsaya cak, in zaka taka ka kalli ƙasa. Takalmi rufaffe mai tsawo da dogon wando mai kauri, ba silifas ba dan Allah, da sanda kana bubbuga ciyawa a gabanka. Kububuwa ƙarama ce kalarta ta saje da ƙasa, kasa kuma bata gudu kwanciyarta take har ka taka ta. Kar ka zura hannu a kogon kuka ko ramin suri, ɓawon busasshen itace ma da sanda ko wuƙa zaka ɗaga saboda kunama.

In tsautsayi ya faɗa, babu ɗaure ƙafa da igiya, babu tsaga, babu tsotsa, baƙin dutse ma ɓata lokaci ne. Ka cire zobe ko agogo kafin kumburi, ka rage motsi, ka kira a zo da mashin a kaika asibitin da ke da allurar dafin maciji, wanda ya kamata ace ka san wanne ne tun kafin ka fito. A Kaltungo ta jihar Gombe akwai asibiti na musamman don wannan. Dafin kububuwa hana jini daskarewa yake, mutum zai ji kamar da sauƙi sai daga baya dasashi ya fara zubar jini, shi yasa ba'a shan asfirin ko dikilofenak, farasitamol kawai. In maciji mai tofi ya fesa maka a ido ka wanke da ruwa mai yawa nan take, wani dalilin kenan na ɗaukar ruwa fiye da na sha.

Bishiyar da kazo dubawa ita kanta mara lafiya ce fa, reshenta na iya saukowa ba sallama, ka duba busassun rassa daga nesa kafin ka shiga ƙarƙashi, in ana iska ka haƙura. Hawa sama don ciro kauci ko ganye kai kaɗai babu shi, zum ɗin kyamara ya isa. Ka saurari ƙugin zuma kusa da kogo ko amya, ranar daji a bar turare a gida. Af, kuma kar ka rubuta gawo ya mutu don ka ganshi tsirara da damina, haka yake, da rani yake ganye.

Lokaci kuwa, daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40, ka shiga bayan asuba ka fito kafin azahar, da hula da ruwa da ORS. Da damina in hadari ya haɗo ka bar gindin doguwar bishiya kuma kar ka tsallaka rafin da ya fara kawo ruwa. Da kaka zuwa hunturu ana cinna ma daji wuta, kaga hayaƙi ta inda iska ke busowa ka nufi fili ko inda ya riga ya ƙone.

Zaka haɗu da masu saran itace da masu gawayi da makiyayi a saman maɗaci yana sare ma shanu ganye. Kayi sallama, a gaisa, in sun tambaya kace ciwon bishiya kake dubawa, ka wuce. Kar ka ɗaga waya ka ɗauke su, kar ka fara wa'azin dokar gandun daji, mutum da gatari a hannu kai da biro. Ka riƙe wajen a ranka, in ka fito gari ka faɗa ma malamin daji, shi aka ɗauka wannan aikin.