Yadda koci zai bi da iyayen da ke ba yara umarni daga bakin fili

Wata ranar Asabar bayan la'asar, a filin wata firamare a Birnin Kebbi, na ga yaro ɗan shekara 11 ya tsaya cak a tsakiyar wasa. Shi ke tsaron baya ta hagu, kuma na gaya masa kada ya haura sai abokinsa ya rufe masa gurbi. Mahaifinsa kuwa yana tsaye a bakin layi yana cewa, "Haura mana! Tafi gaba!" Yaron ya dube ni, ya dubi ubansa, kafin ya yanke shawara ƙwallo ta wuce shi an jefa mana ita a raga. Da aka tashi na same shi a gindin dogonyaro yana kwance igiyar takalminsa, hawaye na ɗiga a kan safa.

A nan wurinmu ba uba kaɗai ke yin haka ba. Sau da yawa yaya ne, ko kawu, ko wanda ya saya wa ƙungiya riguna. Ga yadda nake bi da su.

Da farko, ka cire yaron daga cikin rigimar. Kada ka taɓa ce masa, "Rabu da maganar babanka, tawa za ka ji." Yaron da aka tarbiyyantar ya durƙusa idan uba ya kira shi ba zai toshe kunne don ya shiga fili ba, kuma bai kamata mu so ya koyi hakan ba. Idan ka sa shi zaɓi tsakaninka da mahaifinsa, ko dai ya saɓa wa gida ko ya saɓa maka, duk wanda ya yi da nauyi zai kwana. Magana tsakanin manya take.

Na biyu, ka riga wasa zuwa wurin iyaye. Kafin a fara gasar unguwanni ko ta hutun makaranta, ka tara su, wanda bai zo ba ka bi shi har zaure ka yi sallama. Ka fara da godiya, domin uban da ya bar kasuwa ya zo kallon ɗansa ya yi abin da yawancin iyaye ba sa yi. Sannan ka faɗi buƙatarka a fili: tafi da yabo nasu ne, umarni naka ne. "Madalla", "da kyau", "sannu da ƙoƙari", duk a faɗa da ƙarfi. "Buga", "harba", "ba wane", "dawo baya", waɗannan a bar wa koci. Ka bayyana musu dalili: yaro na koyon ƙwallo ne idan ya ɗaga kai ya duba ya zaɓa da kansa, ko da zai yi kuskure. Wanda kullum ake zaɓa masa, ranar da babu mai ihu sai ya rasa abin yi.

Ka nuna musu cewa ba son ranka ba ne. Dokar ƙwallo ta ce ko a bencin ƙungiya mutum ɗaya ne ke da izinin ba 'yan wasa umarni a lokaci guda. Tun 2019 kuma alƙalin wasa na iya ɗaga wa masu horarwa katin gargaɗi ko jan kati, idan aka yi laifi a benci ba a gane mai shi ba babban koci ne ke karɓar katin. Wannan kaɗai ya isa hujjar hana kowa zama a bencinka sai mai aiki.

Na uku, ka ja igiya. Filayenmu ba irin babban filin wasa na Haliru Abdu a Birnin Kebbi ba ne da ke da wurin zaman 'yan kallo, fili ne fetal, mutane na matsowa har ƙafarsu ta taka layi. Ka sami igiya da 'yan turaka ka kafa taku uku daga layin, idan babu ka zuba toka. Iyaye su tsaya a gefe ɗaya, kai da benci a ɗaya gefen, bayan raga kuwa kada kowa ya tsaya, don ƙaramin gola ya fi kowa ruɗewa da murya a ƙeya. Hukumar ƙwallon Ingila ta shigo da irin wannan shinge a wasannin yara a shirinta na girmama juna da ta fara a 2008, a 2022 kuma ta ware ƙarshen mako guda da aka nemi 'yan kallo su yi tafi kawai. Kana iya gwada haka na minti goma na farko. Za ka ji muryar yaran suna kiran juna, abin da ihun manya ke dannewa.

Na huɗu, mai yawan magana ka ba shi aiki. Ya riƙe ruwan leda, ko ya duba agogo, ko ya tsare igiyar. Wanda ya fi yi mini amfani shi ne takarda da biro: ya ƙirga mini sau nawa muka haɗa fas uku a jere. Mai ƙirga ba ya samun sukunin ihu, kuma idonsa na barin ɗansa ya koma kan ƙungiya.

Na biyar shi ne mai wuya, wato lokacin da abin ke faruwa wasa na gudana. Kada ka mayar da ihu daga tsallaken fili. Duk dattijon da ka kunyata gaban ɗansa da 'yan unguwa ka rasa shi, wataƙila har da yaron. Ka jira hutun rabin lokaci, ka zagaya ka tsaya kusa da shi, ka rage murya: "Alhaji, a yi haƙuri. Ni na ce ya tsaya baya. Idan ya ji muryarka ba ya iya ƙin bi, sai ya rikice. A taimake ni da tafi kawai." Idan ya girme ka sosai, tura mataimaki mai furfura ko wani sa'ansa. Akwai kuma dabara ta cikin fili: ɗan wasan gefe rabin lokaci ɗaya kawai yake yi kusa da iyaye, tunda ana sauya raga, don haka a wannan rabin kana iya mayar da shi ɗaya gefen ba tare da ka ce wa kowa komai ba.

Zagin alƙali ko zagin ɗan wani daban yake. Wannan ba a jira hutu, a nemi alƙali ya tsayar da wasa har mai zagin ya yi shiru ko ya bar wurin.

Na shida, idan an yi magana sau biyu bai daina ba, a koma gida da ita, a tafi da wanda yake jin nauyinsa, mai unguwa ko limamin masallacinsu. Ko wanda ya sayi riguna ne a gaya masa da ladabi cewa kyautarsa ta yara ce, jeren 'yan wasa na koci ne. Kada ka ajiye yaro a benci don laifin ubansa. Ka kuma saurara da gaske, domin wasu sun buga ƙwallo sun san ta. Irin waɗannan ka gayyace su atisaye, inda shawara ke da wuri.

Mahaifin yaron nan na same shi a shagonsa washegari. Ya ce shi tsoro yake ji kada a ce ɗansa rago ne. Na roƙe shi abu ɗaya, idan ya goyo yaron a babur za su koma gida kada ya fara lissafa masa kurakurai, ya tambaye shi ko ya ji daɗin wasan. Asabar ta gaba na miƙa masa takarda da biro, ya ƙirga mana fas, yaron kuma ya haura sau biyu da kansa.